Kyarkeci da Matar Ƙaddara a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Turawa

Daga cikin ƙagaggun labaran soyayya da ake rubutawa a Amurka da Kanada da Ingila, akwai wani reshe da ya bunƙasa tun farkon wannan ƙarni, wanda tauraronsa mutum ne mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Kyarkecin da ake nufi shi ne na ƙasashen sanyi, wanda ya ɗara namu na dawa girma da gashi.

A da, wannan halitta abin tsoro ce ga Turawa, kamar yadda mai rikiɗa kura yake a labaran Hausawa. Mawaƙin Rumawa, Ovid, ya kawo labarin Sarki Lycaon wanda aka mayar da shi kyarkeci don ya miƙa wa abin bautarsu naman mutum. A shekarar 1589 kuwa, an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus bisa zargin rikiɗa da cin mutane. Ba mai ba irin wannan 'yarsa.

Sauyin ya fito fili da littafin Bitten na Kelley Armstrong, 'yar Kanada, a 1 ga jerin nata a shekarar 2001, sa'an nan littattafan Twilight guda huɗu na Stephenie Meyer, daga 2005 zuwa 2008, suka kai shi ko'ina. Daga baya manhajojin karatu na waya, irin su Wattpad da Dreame da Galatea, suka cika da shi, wasunsu suna sayar da labari babi-babi. Dodo ya zama ango.

Ginshiƙin jigon shi ne cewa kowane mai rikiɗa an halicce shi tare da abokiyar zamansa guda ɗaya tak. Yakan gane ta ne ta ƙanshinta ko da haɗa ido, kuma da zarar ya gane ta, zance ya ƙare. A yawancin labaran waya, wata abar bauta ta farin wata ce ke ƙulla wannan igiya, wanda ya tsinke ta kuwa sai ya kwanta ciwo. Bahaushe da ke cewa matar mutum kabarinsa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai shi yakan faɗi haka ne bayan an ɗaura aure, su kuwa waɗannan marubuta da shi suke buɗe labari.

A nan ne manazarci zai tsaya. Labarin soyayya, bisa al'ada, a kan zaɓi ake gina shi, watau wa za ta so, wa za ta ƙi, kuma me zai biyo baya. Littattafan soyayya na Kano da suka yawaita tun daga shekarun 1980 ma da yawansu kukan auren tilas suke yi. To ga al'ummar da ke alfahari da cewa kowa shi ke zaɓar wa kansa, amma masu karatunta, galibi mata, suna rububin labarin da aka ɗauke zaɓi a cikinsa ɗungurungum. Ga dukkan alamu abin da ake saye shi ne tabbaci: namijin da ba zai yi sanyi ba, ba zai dubi wata ba, ba zai tafi ba. Da yake an riga an san ƙarshe, tilas marubuciya ta nemo rikici a wani wuri, alal misali saurayin ya ƙi yarinyar a bainar jama'a don ba ta da gata, ko a tarar ita 'yar garken abokan gaba ce.

Amma tabbacin yana da tsada. Idan ƙaddara ta riga ta yanke, ƙin da yarinya ta yi sai ya zama jinkiri kawai, kishi da tsarewa da bibiya kuma su shiga rigar ƙauna. Masu suka sun fi kafa hujja da littafin Breaking Dawn na 2008, inda aka ɗaure zuciyar Jacob ga jaririya ranar da aka haife ta. Marubutan da suka ƙware sukan ba tauraruwa ikon tsinke igiyar, domin amincewarta ta zama tana da ma'ana.

Saura batun shugaban garke, wanda suke kira alfa, mai mulki da ƙarfin tuwo. Wannan daga kimiyya aka aro shi. Rudolf Schenkel ne ya bayyana shi a 1947, bayan ya nazarci kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel, David Mech kuma ya yaɗa shi a littafinsa na 1970. A 1999 Mech ya janye maganar, domin ya zauna kusa da kyarketan tsibirin Ellesmere na Kanada ya ga cewa garke a dawa iyali ne kurum, uwa da uba da 'ya'yansu. Faɗan neman sarauta halin baƙin juna ne da aka kulle wuri ɗaya. Har roƙon maɗaba'a ya yi ta daina buga tsohon littafin nasa, amma kafin nan alfa ya riga ya yi ƙaura zuwa labaran soyayya, inda yake sarauta har yau.