Bitamin ɗin da ke kumbura kumatu

Saura wata biyu bikinta, wata 'yar ƙanwata a Madarunfa ta fara shan abin da ta kira bitamin: ƙwayoyi iri uku ƙulle a leda, daga hannun mai tallar magani. Kafin a ce me, fuska ta cika, dangi na ta yi mata barka. Uwarta ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba, don kumatu sun yi ɓul-ɓul amma hannuwa da ƙafafu sai ƙara sirancewa suke yi. Wace irin ƙiba ce mai zaɓen wuri?

Muka kai ƙullin wajen wata malamar jinya. Babu kwali, babu takarda, balle ranar lalacewa, sai ta koma ga jikin yarinyar.

"'Yata, fitsarinki ya canza?"

"Ya koma ruwan ɗorawa, Malama. Mai maganin ya ce dattin ciki ne ke fita."

Malama ta ware ƙwayar mai ruwan ƙwai. Wannan kam bitamin ce, cikinta akwai B2, wanda jiki kan ɗebi abin da yake bukata ya zubar da saura ta fitsari. Ba ta cutarwa, amma ba ta sa ƙiba.

Sai barci da yunwa. Yarinyar kan yi gyangyaɗi tun hantsi, ta tashi tsakar dare neman ɗumame. Malama ta ce aikin cyproheptadine ke nan, maganin ƙaiƙayi da atishawa da ke buɗe ciki. Shi ne ke cikin ruwan Apetamin da ake tallarsa da sunan bitamin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. To amma ci da yawa ai duk jiki yake cikawa, bai bayyana ramar hannuwan ba.

A kan ƙwaya ta uku, 'yar mitsitsiya, Malama ta daɗe. Ta duba ƙurajen goshi, ta taɓa tudun kitsen da ya fito a ƙeya, ta ɗaga riga ta ga zane-zanen nankarwa jajaye a ciki. Ta ce a koma wurin mai tallar, kada a yi masa faɗa, a dai nemi ganin katin da yake ɓallo ƙwayar daga ciki. Ya zaro shi daga ƙasan faranti, rana ta kusa cinye rubutun, amma ana iya karantawa: dexamethasone. Shi da ire-irensa ne mata ke kira sha-ka-fashe. Yana tara kitse a fuska da wuya da tumbi, ya cinye tsoka, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki, a gari irin Madarunfa da ke bakin tafki inda zazzaɓin cizon sauro ke jiran kowa da damina. Uwar ta so watsar da ledar nan take, Malama ta hana: wanda ya jima yana sha, in ya yanke lokaci guda yana iya sumewa har ya rasa rai. A hankali ake rage shi, ƙarƙashin kulawar likita.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu suka ɗora laifin kan arahar magungunan. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin magunguna goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, kuma hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa na ɗauko mai kyau da maras kyau. Amma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki wajen awo, mai miligiram 60 na sinadarin ƙarfe, tana cikin mafi arahar magunguna, haka jan kwanson bitamin A da ake ɗiga wa yara duk wata shida. Mata da yawa kan ajiye ta ƙarin jinin don bayan gida ya yi baƙi, alhali ƙarfen da ke cikinta ne ke sa haka. Mai ƙarancin jini kan sha ta wajen wata uku kafin jikinta ya mayar da abin da ya rasa.