Inci, ɗigo da wat: lissafin sayen talabijin mai sauƙin kuɗi

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san yadda cinikin ke farawa. Ga talabijin reras a bango, kowace tana nuna tsuntsu yana shawagi, mai shago na cewa, "Alhaji, wannan 4K ce, har gashin fiffikensa za ka ƙirga." Bai yi ƙarya ba. Amma fa kana tsaye ne taku ɗaya daga allon, a gida kuwa kujerarka tana can jikin bango.

Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera su sahu-sahu. Wadda aka rubuta wa HD kawai galibi tana da 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato ɗigo 1,049,088. Full HD tana da 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600 ke nan. Ita kuwa 4K, 3840 sau 2160, ta kai 8,294,400, ninki huɗu cif na Full HD. A takarda rata ce babba, kuma kuɗin wannan ratar ake cajinka.

Sai dai ido yana da iyaka. Mai lafiyayyen gani yana daina rarrabe ɗigon Full HD idan nisansa da allo ya wuce tsayin allon sau uku da 'yan kai. Talabijin mai inci 43 tsayinta kusan santimita 53 ne, saboda haka daga mita 1.7 zuwa baya, Full HD da 4K duk ɗaya suke a idonka. A inci 55 iyakar takan kai mita 2.2, kuma ba za ka kwashi daɗin 4K gaba ɗaya ba sai ka matso kusan mita 1.1, nisan da iyaye ke korar yara daga gaban talabijin a kansa. A inci 32 ma, da zarar ka wuce mita 1.8, HD ta gama maka aiki. Wanda falonsa ke da mita uku tsakanin kujera da bango, ya kuma ƙara kuɗi don 4K mai inci 43, ya sayi ɗigo miliyan shida da ba zai taɓa gani ba.

Abin da ido ke gani daga ko'ina shi ne girma, a nan kuma lissafin inci yakan ruɗi mutane. Ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace, inci ɗaya santimita 2.54. Daga 32 zuwa 43 kamar ƙarin inci 11 ne kawai, amma filin allon ya ƙaru da kashi 80 cikin 100. Inci 55 kuwa ya kusa ninka 32 sau uku. Sabbin talabijin daga inci 50 zuwa sama kusan duk 4K suke zuwa, don haka a can ba zaɓi ba ne. Girman ka biya.

Me za ka kalla a kai? Tasoshi da dama a tauraron ɗan'adam har yanzu tsohon hoto suke aikowa, 720 sau 576, ɗigo 414,720. Allon 4K sai ya baza kowane ɗigo a wurin ashirin, shi ya sa fuskar mai karanta labarai ke fitowa kamar an shafa mata mai. Idan ta intanet ne, Netflix na neman gudun megabit 5 a daƙiƙa don Full HD, 15 don 4K. Awa ɗaya ta HD tana iya cin gigabayit 3, ta 4K har 7. Wasan ƙwallo ɗaya mai irin wannan nauyi ya haura gigabayit 10.

Lambar da mai shago ba ya ambata tana manne a bayan talabijin. Mai inci 32 yawanci tana jan wat 30 zuwa 50, mai inci 55 takan kai 100 ko fiye. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, kuma in irin na ruwa ne, rabi ake so a sha don ya yi ƙarko. Wat 40 zai kai ka awa 15, wat 100 awa 6, kafin a cire abin da inbata ke ci. A takardar da ke bayan talabijin ɗin ka duba ko an rubuta 100–240V, saboda kwanakin da wuta ke zuwa da rauni, sannan ka nemi DVB-T2, tsarin da Najeriya da Nijar da Gana suka ɗauka na tasoshin dijital ta eriya. Lambobin 120 ko 240 da ake ƙawata kwalin masu arha da su a kan saurin motsi, yawanci talla ce, allon kansa 50 ko 60 yake yi.

Kafin ka fita kasuwa, ka ari tef ɗin tela ka auna daga kujera zuwa bango. In wajen mita biyu ne, inci 32 HD ta wadatar. Daga biyu zuwa uku, ka nemi inci 43 Full HD. A shagon kuma ka ce a kashe tsuntsun nan, a kamo maka tashar da kake kallo kullum, ka ja da baya daidai nisan kujerarka sannan ka yi tayi.