Gadon lilo ga dogon mutum: Sirrin yana cikin tsawon yadi da sassaucin igiya

Kasuwar Shinkafi tana ci ranar Alhamis, amma da yawa daga cikin fataken da ke cin ta sukan iso tun ranar Laraba, wasu kuma ba sa juyawa sai Juma'a da safe. Rashin tsaron da ya addabi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya, ya sa tafiyar dare ta zama abin gudu. Saboda haka kwanan tasha ya shiga cikin lissafin ɗan kasuwa da direba, har da ma'aikacin da aka tura aikin kwana biyu ko uku, kamar na rigakafi ko na zaɓe.

Inda za a ajiye haƙarƙari shi ne abin tunani. Tabarma a ƙasa tana haɗa mutum da kunama, da damina kuma ga danshi. Benci ba ya isa, kujerar mota tana ƙage wuya. Yaran manyan motoci sun daɗe da samo mafita: su ɗaura tampol ko raga a ƙarƙashin mota su kwanta a kai. Wannan shi ne gadon lilo, wanda tsofaffi suka sani da sunan amuku. Yanzu akwai na zamani, na yadin leda marar nauyi, wanda ake naɗewa ya shige aljihun jaka. Sai dai dogayen mutane da dama sukan gwada shi dare ɗaya su tashi da ciwon baya, su yanke cewa ba a yi shi don su ba. Galibi laifin na gajartar yadi ne da kuma yadda aka ɗaura shi.

Daga tsibiran Karibiyan zuwa tasha

Asalin wannan gado na mutanen nahiyar Amurka ne. Kolumbus ya gan shi a wurin al'ummar Taino a shekarar 1492, daga kalmarsu ta hamaka kuma sunansa na Turanci ya fito, wanda Hausa ta mayar amuku. Sojojin ruwan Ingila sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwana a cikinsa, domin ba ya cin wuri kuma yana bin tangaɗin jirgi. A zamanin mulkin mallaka, a cikinsa 'yan dako ke ɗaukar Turawa da marasa lafiya a sassan Afirka ta Yamma. Har gobe a arewacin Brazil da yankin Yukatan na Meziko, mutane da yawa ba su da wani gado sai shi, kuma daga wurinsu aka koyi abin da ya fi muhimmanci game da kwanciya a kansa: ba a miƙewa daidai da igiya, a karkace ake kwanciya.

Abin da ke hana dogo sakewa

Gadon lilo yadi ne da aka tattare bakinsa biyu aka ɗaure. Tsakiyarsa ce mai faɗi, yana ƙara tsukewa yayin da ake kusantar ƙarshe. Idan mai tsawon ƙafa 6, wato santimita 183, ya shiga mai tsawon ƙafa 9, wanda shi ne aka fi sayarwa da araha, kansa da ƙafafunsa sukan kai wurin da yadin ya tsuke. Kafaɗu su matse, dugadugai su ɗaga sama, gwiwoyi su rataya babu abin da ya tallafe su, baya ya lanƙwashe kamar baka. Da asuba sai a ji jiki kamar an yi dako.

Maganin shi ne ƙarin tsawo. Masu kwanan daji a ƙasashen da abin ya zama ruwan dare sun fi yarda da mai ƙafa 11, kimanin mita 3 da santimita 35, ga wanda ya kai ƙafa 6. Wanda ya haura haka sosai zai fi sakewa a mai ƙafa 12. Wajen saye, ya kamata a tambayi tsawon yadin kansa, domin wasu masu sayarwa sukan haɗa da tsawon igiya a lissafi. Kada kuma a ruɗu da wanda aka rubuta cewa na mutum biyu ne: faɗi aka ƙara masa, ba lallai an ƙara tsawo ba, dogo kuwa tsawo yake nema. Faɗin inci 58 zuwa 60 ya wadatar.

Wanda bai samu a kasuwa ba, tela zai iya ɗinka masa. Yadi 4 na yadin leda mai ƙarfi ƙafa 12 ke nan. Idan aka kalmashe baki biyu aka bi su da ɗinki layi uku don hanyar igiya, abin da zai rage ya haura ƙafa 11. Sharaɗin shi ne yadin ya zama ƙyalle ɗaya, babu haɗi a tsakiya, domin a wurin haɗi yake fara yagewa. Atamfa ba ta dace ba, faɗinta ya yi kaɗan.

Kuskuren ɗaure igiya tamau

Hankali yakan raya wa mutum cewa idan ya ja igiya ta miƙe sosai, gadon zai shimfiɗu kamar katifa. Akasin haka ne ke faruwa. Gefunan yadin sukan tashi su naɗe shi, sannan nauyin da ke kan igiya ya ninka. Lissafin a fili yake. Idan igiya ta sauko daga bishiya da karkatar digiri 30, mai nauyin kilo 80 yana ɗora wa kowace igiya kilo 80. Idan aka ja ta har karkatar ta koma digiri 10, kowace igiya za ta ɗauki kusan kilo 230. A digiri 5 kuwa ya kai kimanin kilo 460. Wannan ne ke tsinka igiya, ya tumɓuke ƙusa, ya jawo ginshiƙi ya faɗo wa mai barci.

Ba a buƙatar na'ura don gane digiri 30. A miƙa ɗan yatsa manuni a kwance, a ɗaga babban yatsa sama. Layin da ya tashi daga kan babban yatsa zuwa kan manuni ya yi kusa da karkatar da ake so, sai a gwada shi da igiyar.

Ga mai ƙafa 11, ana neman madogara biyu da ke da tazarar ƙafa 13 zuwa 15. A ɗaura igiya daidai tsawon kai ko sama kaɗan. Idan tazarar ta ƙaru, sai a ƙara ɗaga maɗaurin sama maimakon a ƙara ja. Idan mutum ya zauna a ciki, kada nisansa da ƙasa ya wuce tsawon kujera, kimanin inci 18, ta yadda ko igiya ta tsinke faɗuwar ba za ta yi muni ba. Ana so ɓangaren ƙafa ya fi na kai tudu da kamar taƙi ɗaya, domin nauyin mutum ya fi yawa a ƙirji, kuma hakan yana hana shi zamewa zuwa ƙasa cikin dare.

Akwai wata dabara mai sauƙaƙa aiki: a ɗaura siririyar igiya mai ƙarfi daga wannan bakin yadi zuwa wancan, tsawonta kashi 83 cikin 100 na tsawon yadin, wato kimanin inci 110 ga mai ƙafa 11. Da ita, lanƙwasar gadon ba ta canzawa ko a ina aka ɗaura shi, kuma a kanta ake rataya gidan sauro.

Bayan an ɗaura, sai a zauna a tsakiya, a kwanta, a kai ƙafafu gefe ɗaya, kai da kafaɗu ɗaya gefen. Nan take yadin yake buɗewa, baya ya miƙe.

Inda za a ɗaura

Dogon yaro da tsamiya da mangwaro da suka yi kauri suna ɗaukar nauyi. Zogale da gwanda ba sa ɗauka, aduwa da bagaruwa kuma ƙayarsu na huda yadi. A ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe, musamman a farkon damina da iska ke zuwa gabanin ruwa. Maɗauri mai faɗin inci ɗaya zuwa sama ya fi siririyar igiya, wadda ke yanka ɓawon itace. A yankin da hamada ke matsowa, ba a wasa da bishiyar da ke ba tasha inuwa.

Katangar ƙasa da ginshiƙin bulo da ba a zuba wa rodi ba an gina su ne don nauyin da ke dannowa daga sama, ba sa jure ja daga gefe. Mai kwana a ƙarƙashin babbar mota kuma dole ya sanar da direba, a kashe inji, a sa waigi a tayoyi. Batun fita daji don shaƙatawa, kamar yadda ake gani a bidiyon ƙasashen waje, bai taso ba a dazukan Zurmi da Shinkafi a halin da ake ciki. Cikin gari, a tasha ko harabar gida ko ta ofis, kusa da jama'a, nan ne wurinsa.

Sauro da sanyi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Sauro yana iya cizo ta cikin siririn yadi, kuma a gadon lilo bayan mutum gaba ɗaya manne yake da yadin. Don haka gidan sauro ya zagaye gadon har ƙarƙashinsa, ba ya tsaya a sama kawai ba. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti an yanka shi ne daidai katifa, tsawonsa bai cika wuce ƙafa 6 da 'yan inci ba, ba zai rufe gadon ƙafa 11 ba sai tela ya haɗa biyu.

Iskar da ke ratsawa ta ƙasa ita ce daɗin wannan gado a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a arewacin Zamfara. Ita ce kuma matsalarsa da hunturu. A Disamba da Janairu, bargon da aka lulluɓa ta sama ba ya hana sanyi shiga ta baya, sai an shimfiɗa wani a ciki kafin a kwanta.

Kafin a ɗauke shi zuwa tafiya, ya kamata a gwada shi dare ɗaya a tsakar gida, a daidaita igiyoyin, a sa musu alama. A tasha, bayan magariba, ba lokacin koyon ƙulli ba ne.