Na'urar maimaita numfashi: ganimar masu nutso mai haɗari

Duk wanda ya taɓa ganin masunci kwance bisa gora a kogi ya san abin da ke riƙe da shi: iskar da ke cikin gorar. In gora ta ɓule ruwa ya shiga, an rasa madogara. To, masu nutso na ƙasashen waje ma rayuwarsu a kan wannan take.

Galibinsu kwalbar iska suke goyawa, su shaƙa su fesar, iskar ta tashi kumfa ta ɓace. Amma akwai wata na'ura mai tsada wadda ba ta zubar da komi. Abin da mutum ya fesar yana shiga wata jaka, ya ratsa cikin wani garin sinadari mai tsotse gurɓatacciyar iskar kabon, a ƙara masa oksijin kaɗan, ya sake shaƙa. Tattali ke nan irin na mai awo da ba ta barin ko ƙwaya ta faɗi ƙasa. Da ƴar kwalba sai mutum ya yi awoyi a ƙarƙashin ruwa.

Sai dai mai kwalba in ya cika huhu yakan ɗan taso, in ya fesar ya ɗan sauka. Mai wannan na'ura ba shi da wannan dabara, don iskar daga huhu zuwa jaka take kaiwa da komowa. Mafi muni, in bakin mesa ya kuɓuce masa a buɗe, ruwa ya cika jakar, nan take ya yi nauyi ya fara lumewa, ga shi numfashi ya yanke. Shi ya sa ake koya musu rufe bakin mesa kafin su cire shi, da ɗaukar kwalbar ko-ta-kwana, da zubar da dalmar da ke ƙugunsu.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, ya nutsa mita 270 a ramin ruwa na Boesmansgat da ke Afirka ta Kudu a Oktoba 2004, ya iske gawar wani saurayi, Deon Dreyer, wanda ya halaka can tun 1994. Ya yi wa iyayen alkawarin ɗauko ta.

Ran 8 ga Janairu 2005 ya koma. Ana zaton gawar za ta kwanta wuri guda, sai ta riƙa tasowa. Yana fama da sa ta cikin buhu, igiya ta harɗe da fitilarsa. A wannan zurfin iska kan yi kauri, numfashi kansa aiki ne, balle kokawa. Kabon ya taru a jikinsa har ya suma. Kyamarar da ke kansa ta ɗauki komi.

Bayan kwana huɗu, ana kwashe kayan aiki, gawarwakin biyu suka taso tare, igiyar na haɗe da su.