Tarawa da Ɗebewa: Karatun da Ake Farawa a Tsakar Gida

Iyaye da yawa suna jin daɗi idan ɗansu mai shekara huɗu ya tsaya a gaban baƙi ya jero ɗaya, biyu, uku har ɗari ba gargada. Abin farin ciki ne, amma a gwada shi da wani abu dabam: a zuba masa wake a faranti a ce ya ɗebo guda shida. Sau da yawa zai damƙo cikin hannu ya miƙo, ko ya taɓa ƙwaya ɗaya sau biyu, ko kuma ya ƙirga daidai, amma da an ce masa "to nawa ke nan?" sai ya koma farko. Sunayen lambobin ya haddace, bai riga ya san abin da suke nufi ba.

Wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace wannan a littafin da suka fitar a 1978 kan yadda yaro yake fahimtar adadi. A cikin sharuɗɗan ƙidayar da suka lissafo akwai uku da kowace uwa za ta iya dubawa a gida: kowane abu ya samu lamba ɗaya tak, jerin lambobin kada ya sauya, sannan yaro ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka. Idan na ukun nan bai zauna ba, koya masa biyu da uku biyar tamkar gini ne a kan yashi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon manyan bincike shida da aka bi yara a Amurka da Birtaniya da Kanada, suka gano cewa ɗan lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba, har ya ɗara sanin haruffa. Kuma yawancin abin da yaro yake shiga aji ɗaya da shi, daga gida yake zuwa da shi.

Abin da zai kwantar wa iyaye hankali shi ne aikin ba shi da yawa. Idan aka ɗauki lambobi daga 0 zuwa 9 aka tara kowace da kowace, lissafi 100 ne kacal. Ran da yaro ya gane cewa 3 da 5 daidai yake da 5 da 3, sun koma 55. A cire masu sifiri, saura 45. A cire waɗanda ɗaya kawai ake ƙarawa, tunda wannan faɗin lamba ta gaba ne, saura 36. Takwas daga ciki tagwaye ne, wato 2 da 2 har zuwa 9 da 9, kuma yara suna saurin kama su domin suna ganinsu a jikinsu da kewayensu: yatsu biyar da biyar, ƙafafun akuya biyu gaba biyu baya. Wanda ya san 6 da 6 sha biyu ne, ba sai ya haddace 6 da 7 ba. Ƙarin ɗaya ne kurum.

Yaro ba ya tsallakawa zuwa nan rana ɗaya, yana da matakan da yake bi. Da farko idan aka ce masa 4 da 3, zai ware huɗu, ya ware uku, ya haɗa su ya ƙirga daga ɗaya. Daga baya sai ya riƙe huɗu a ka, ya ɗora: biyar, shida, bakwai. Can sai ya lura cewa ya fi sauƙi a fara daga babbar lamba, ko da ita aka ambata a ƙarshe. Bayan haka ne yake fara ciro amsar da bai sani ba daga wadda ya sani, har ta kai ga amsa tana fitowa ba tare da tunani ba. Aikin uwa ko uba shi ne su gane inda yaron yake, su taimaka masa ya hau mataki na gaba, ba su ja shi zuwa na ƙarshe da ƙarfi ba.

A ganina, idan abu ɗaya za a zauna a koya wa yaro da kyau, to goma ce. Ya san duk lambobi biyun da suke haɗuwa su ba da goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, ya san su kamar yadda ya san sunayen ƙannensa. A samu kwalin ƙwai a yanko layi biyu, kowane da rami biyar. A sa ƙwallon dabino a ramuka bakwai, a tambaye shi nawa ne babu kowa. Ko a zube goma a tabarma, ya rufe ido, a kife kwano a kan wasu, ya buɗe ya faɗi nawa aka ɓoye. Sai a ba shi kwanon shi ma ya ɓoye wa babba. Nan ne wasan ya fi yi masa daɗi.

Amfanin wannan yana bayyana ne idan aka zo kan irin su 8 da 5, waɗanda suka fi ba yara wuya. Takwas tana neman biyu ta cika goma. A ciro biyun daga biyar, saura uku. Goma da uku, goma sha uku. Yaron da ke ƙirga da Hausa yana da sauƙi a nan, domin sunan lambar da kansa ya faɗi goman da abin da ya hau kai. Shi ya sa nake ganin a fara da harshen da yaro yake tunani da shi. Sunayen Turanci ko Faransanci na makaranta ba za su yi masa wuya ba idan ma'anar ta riga ta zauna.

Ɗebewa kuwa, kada a mai da ita wani darasi na dabam da za a jira sai an gama tarawa. Yaron da ya faɗi nawa ne a ƙarƙashin kwano ya riga ya yi ɗebewa. Idan aka ce 13 a ɗebe 8, tambayar ita ce: takwas da nawa ne sha uku? Haka mai kanti yake ba da canji, yana ɗorawa daga kuɗin kaya har ya kai abin da aka ba shi.

A birnin Recife na ƙasar Brazil, wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun bi yara masu sayar da kwakwa da makamantanta a titi, suka wallafa abin da suka gani a 1985. A wurin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin da aka yi musu. Da aka ba su irin lambobin nan su yi a takarda babu labarin kaya ko kuɗi, sai suka ci kimanin kashi 37. Yara biyar ne kacal aka gwada, amma duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a hannun ƴar talla ya san gaskiyar maganar. Ba ina cewa a ɗora wa yaro tire ba ne. Wurin yaro makaranta. Abin ɗauka shi ne lamba tana zama a kan yaro idan tana da abin da take tsaye a kai. Ƙosai bakwai aka sayo, Yaya ya ɗauki biyu, saura nawa? Mu shida ne za mu ci abinci, ga cokali huɗu, nawa za ki ƙaro? A bari sai ya amsa irin waɗannan da baki kafin a nuna masa yadda ake rubuta su da alama.

Wasa ma makaranta ne. Ludo da ake jefa ƙwaya biyu tarawa ce daga farko har ƙarshe. Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna a 2008 cewa yaran talakawa a Amurka da suka yi wasan allo mai gidaje a jere daga 1 zuwa 10, zama huɗu na kamar minti 15, sun ƙaru sosai wajen sanin wace lamba ta fi wace girma, alhali waɗanda allonsu launuka ne kawai ba su ƙaru ba. Sharaɗin shi ne yaro ya riƙa faɗin lambar gidan da ya taka: idan yana kan 3 ya samu biyu, ya ce "huɗu, biyar". Ana iya zana wannan da gawayi a daɓe. Idan lambobi suka wuce goma, a koma ga tsinken tsintsiya, a riƙa ɗaure goma-goma da zare. Da irin wannan damin tsinke tsarin koyarwa na ƙungiyar Pratham ta Indiya yake aiki, tsarin da aka gwada a makarantun firamare na Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon a daina. Na farko hana yaro ƙirga da yatsu. Zai bar su da kansa ran da ya samu hanyar da ta fi sauri. Na biyu tsawa da bulala. Yaron da ke tsoro, hankalinsa yana kan hannun mai tambaya, ba kan lambar ba, kuma tun daga nan wasu suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kan lissafi. Idan ya yi kuskure, a ce masa "nuna min yadda ka yi". Galibi yana cikin nunawa zai gano inda ya kauce.

Hadda tana da muhallinta, kuma mu mutane ne da suka san darajarta. Yaron da sai ya ƙirga 7 da 8 da yatsu a aji huɗu zai sha wuya da lissafin sau da rabawa. Amma lokacinta bayan fahimta ne, kuma maimaici kaɗan kullum ya fi zaman awa guda ranar Asabar.

Iyaye mata da ba su yi boko ba, kada ku ce wannan aikin malamai ne. Wadda take lissafin adashi da kuɗin cefane a ka ta san duk abin da ɗan shekara shida yake bukata. Ku ware masa minti goma bayan cin abincin dare, ku ɗebo wake goma da kwano, ku fara yau.