GININ DA KE TOHO A BAKIN KOGIN WARNOW

A birnin Rostock da ke arewacin ƙasar Jamus akwai wani gini wanda ba a kwaɓa masa ƙasa ba, ba a kuma ɗora masa jinka ko kwano ba. Dasa shi aka yi kamar yadda ake dasa shinge. Jamusawa suna kiransa Weidendom, watau babbar majami'ar itacen wilo, yana kuwa cikin wani makeken lambun shaƙatawa a unguwar Schmarl, a gaɓar kogin Warnow, kafin kogin ya faɗa tekun Baltik.

An shirya lambun ne domin bikin nunin furanni da itatuwa na ƙasashen duniya wanda aka yi a birnin cikin 2003. Shi kuwa ginin tun 2001 aka kafa shi, domin ya sami damar kama ƙasa kafin baƙi su iso. Wani masanin zanen gine-gine mai suna Marcel Kalberer shi ne ya tsara shi, ɗaruruwan masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban suka taru suka yi masa gayya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 50, ƙubbarsa kuma ta tashi sama mita 15. Dabarar ɗaure tsumagu dami-dami a tanƙwara su su haɗu a sama, daga mazaunan fadamun kudancin Iraƙi aka aro ta, waɗanda suka daɗe suna gina zaurukansu da kara.

Wilo, wanda Larabawa ke kira safsaf, itace ne mai son damshi, abin mamakinsa kuwa shi ne saurin kamawa. Duk wanda ya taɓa kafa reshen zogale ko na dashi ya ga ya yi saiwa, ya san irin halinsa. Ana yanko tsumagunsa lokacin sanyi, sa'ad da itacen ke barci, a soke su cikin ƙasa, a yi ta ba su ruwa. Sauran aikin na itacen ne.

Saboda haka ginin ba shi da kama guda. Cikin watan Maris zuwa Afrilu, tun kafin ganye ya bayyana sosai, sai rassan su fid da huda mai laushi kamar gashin ɗan kyanwa, ƙudan zuma su yi dafifi a kai domin a lokacin furanni ba su yawaita ba. Kafin watan Yuni ya kama, ganye ya rufe bango da rufi, wanda ya shiga ciki sai ya tarar da inuwa mai launin kore, iskar kogi tana ratsa ta. A wannan lokaci rana takan yi sa'a 17 ba ta faɗi ba, lambun ya cika da iyalai da masu keke, wasu kuma su nufi tsohon jirgin ruwan nan Dresden da aka ɗaure a gaɓa aka mai da shi gidan tarihi. Cikin waɗannan watanni ne ake yin addu'o'in Kirista da kaɗe-kaɗe a cikin ginin. Daga Oktoba ganyen ya soma rawaya, ya kakkaɓe, taro ya watse.

Wanda ya je a watan Janairu zai yi tsammanin kango ya tarar. Babu ganye ko ɗaya, sai haƙarƙarin ginin tsirara, hasken rana kuwa na kimanin sa'a 8 ne kawai. Alhali kuwa a wannan lokaci ne ake yanke wa ginin hukuncin shekara mai zuwa. Dalili shi ne, wilo bai san an mai da shi majami'a ba, abin da ya sani kawai shi ne neman haske. Cikin shekara guda sabon reshe yakan miƙe sama fiye da mita ɗaya. In aka ƙyale shi, rassan sama za su yi wa na ƙasa inuwa har su bushe, bango ya yi ƙwal, nauyi kuma ya taru a ka, iskar teku ta sami abin karyawa. Tilas ne masu kula da shi su hau su sassabe, su saƙa waɗansu rassan cikin jikin ginin, su ɗaure inda ya kwance, inda dami ya mutu kuma a soke sabuwar tsumagiya.

Wannan aiki ba na baje koli ba ne, babu mai tafa wa wanda ya yi shi. Bikin 2003 ya zo ya wuce cikin wata shida, amma sassaben yana dawowa kowace shekara, a kan yi shi kuwa da yatsu sanƙararru kafin itacen ya farka a watan Maris.