Duba Tsatsa Kafin Sayen Motar Jif ta Hannu a Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na mota. Yana kan babbar hanyar da ta fito daga Kano da Bauchi ta wuce Damaturu har Maiduguri, ga kasuwar shanu da ake lissafawa cikin manya a Afirka ta Yamma, ga ta hatsi, ga kuma tirelolin da suka yi wa garin suna. Sai dai ba duk inda ɗan kasuwa yake son zuwa ne kwalta ta kai ba. Mai sayen gero a ƙauyukan Fika da Nangere da Fune, da mai zuwa arewacin jihar wajen Yusufari inda rairayi yake riƙe taya, abin da suke buƙata shi ne mota mai tsawon ƙafa wadda tayoyinta huɗu duka suke ja, irin su Hilux da Land Cruiser da Prado da 4Runner. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin yawancin mutane, don haka sai ta hannu.

Manufar wannan rubutu ita ce a yi wa mai karatu bayanin wani aibu guda ɗaya da ba a cika tambaya a kansa ba wajen ciniki, wato tsatsa. Mai saye zai sa a tayar da inji ya saurara, ya duba hayaƙi, ya gwada giya da na'urar sanyi, ya zagaya yana shafa fenti. Da wuya ka ga ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Dalili kuwa shi ne an ɗauka ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa matsalar mutanen Legas da Fatakwal ce. Rabin maganar gaskiya ne. Motar da aka sayo sabuwa ta tsufa a nan, inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba, takan daɗe ƙarfenta garau. Amma motar hannu ba a nan ta yi ƙuruciyarta ba, kuma da ciwonta take zuwa.

Yadda tsatsa take samuwa

Abu uku ne suke haɗuwa: ƙarfe da ruwa da iskar da muke shaƙa. Idan fenti ya ɓare, danshi ya zauna a kan ƙarfe, sai ƙarfen ya fara juyewa zuwa wannan jan gari da muka sani. Illarta ita ce ba ta tsayawa a sama. Tana kumbura ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, sai ta ɓamɓare ta faɗi, ta bar sabon ƙarfe a fili, shi ma a fara da shi. A nan ɗalibin harshe zai lura da dacewar kalmar da Bahaushe ya zaɓa. Idan abin bai yi nisa ba sai ya ce ƙarfe "ya yi tsatsa", idan ya yi nisa sai ya ce "tsatsa ta ci shi". Ci ɗin ne kuwa, domin abin da ya tafi ba ya dawowa.

Gishiri shi ne yake ƙara wa aikin sauri. A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashe irin su Jamus, idan hunturu ya yi tsanani ruwa ya daskare a kan kwalta, hukuma takan watsa gishiri domin yana hana ruwa saurin daskarewa. Taya tana fesa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota na tsawon watanni, kowace shekara. Iskar bakin teku ita ma gishiri gare ta. Mu ma muna da namu: laka da ta maƙale a lungun ƙarfe tana riƙe danshi har bayan damina, haka fitsarin dabbobi da takin zamani da kanwa suna cin bayan a-kori-kura idan ba a wankewa.

Daga ina ta fito?

Sunayen da ake kiran motocin hannu da su, su kansu tarihi ne. "Tokumbo" daga Yarabanci aka aro ta, ma'anarta abin da ya zo daga ƙetaren teku. "Beljiyam" ta samo asali ne daga ƙasar da ake lodin motoci a tashar jirgin ruwanta ta Antwerp. "'Yar Kwatano" kuwa hanyar shigowa take nunawa, duk da cewa a watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da yake gaya wa mai saye inda motar ta yi shekarunta. Wannan sai ya bincika da kansa.

Lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, farkonta yana nuna inda aka ƙera mota: J na Japan, 1 ko 4 ko 5 na Amurka, 2 na Kanada, W na Jamus. Amma inda aka ƙera daban, inda aka yi amfani daban, domin 4Runner a Japan ake ƙera ta amma a Amurka aka fi sayar da ita. Sai a haɗa da wasu alamomi. Idan agogon gudu da mil yake ƙidaya, galibi daga Amurka take. Idan takardun gargaɗin da aka manna a jikinta da Ingilishi da Faransanci ne, a yi tunanin Kanada. Idan akwai rubutun Larabci a madubin gefe, daga ƙasashen Larabawa irin su Dubai ta fito, kuma waɗannan ba su cika tsatsar gishirin hanya ba. Motar Amurka ko Kanada ana iya sayen tarihinta ta intanet a wurare irin su Carfax, a ga jihohin da aka yi mata rajista. Wadda ta zauna a Arizona da wadda ta yi shekara goma a Mishigan ba ɗaya ba ne, ko da rana ɗaya aka ƙera su.

Shasi

Nan ne zuciyar maganar. Ƙaramar mota, har da wasu da muke kira jif kamar RAV4 da Highlander, jikinta da ƙashinta a haɗe suke. Amma Hilux da Land Cruiser da 'yan uwansu, jikin ɗora shi aka yi a kan wasu dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru a tsakani, kamar tsani a kwance. Wannan shi ne shasi. Inji da giya da sifirin da tankin mai duk a jikinsa suke rataye. Ƙofa idan ta ruɓe a sake wata, mai gyaran jikin mota zai yi wannan cikin yini guda. Shasi idan ya ruɓe, motar ce ta tafi.

Wani abin da ya sa lamarin yake da haɗari shi ne a wurare da yawa ƙarfen shasi rufaffe ne kamar bututu mai kusurwa huɗu. Ruwa da laka suna shiga ta ramukan jikinsa su kwanta, sai tsatsa ta fara daga ciki. Kafin a ganta a waje ta gama aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka zuzutawa ce. A 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin shasin motarsa Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 har shekara 15, ya kuma riƙa saye waɗanda shasinsu ya huje daga hannun masu su. A 2016 kuma ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a wata ƙara da aka shigar a Amurka, wadda ta shafi motoci kimanin miliyan 1.5: Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Sequoia ta 2005 zuwa 2008, da Tundra ta 2007 zuwa 2008. Ba na kawo wannan don a ce motocin kamfanin ba su da kyau, ai ƙarkonsu ne ya sa suka cika hanyoyinmu. Abin lura shi ne motocin waɗannan shekaru su ne daidai kuɗin mai ƙaramin ƙarfi, kuma garantin can ba ya biyo mota zuwa Yobe.

Yadda ake dubawa

Kayan aikin ba su da tsada: tocila, ƙaramar guduma, sukundireba, maganaɗisu, da buhu ko tabarmar kwanciya. A je da rana, motar a wanke ta bushe. In da hali a kai ta inda ake juyen baƙin mai a hau da ita kan rami, a tafi da makaniken da mai saye ya ɗauko da kansa, wanda ba shi da kaso a la'ada.

A fara daga baya, domin nan taya ta fi fesa ruwa. A duba inda sifirin ya kama shasi, da ƙarfen da tayar ko-ta-kwana take rataye a jiki, da gefen tankin mai inda laka take taruwa ba a gani. A bi shasin taku-taku ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe amonsa a dushe yake, wani lokaci har ka ji gari yana zubowa a ciki. A sa yatsa cikin ramukan shasi, idan aka fito da ɓawon ƙarfe kamar ɓawon rogo, to akwai magana.

Ba kowace tsatsa ce abin tsoro ba, kuma a nan ne wasu suke yin asarar mota mai kyau. Jan launi a saman ƙarfe wanda idan an kankare sai a tarar da ƙarfe mai ƙyalli, wannan kusan kowace tsohuwar mota tana da shi, gogewa da fenti ne maganinsa. Wadda ta kumbura tana ɓamɓarewa falle-falle ta riga ta rage kaurin ƙarfe, sai an kankare an ga abin da ya saura. Wadda kuwa sukundireba ya nutse a cikinta da ɗan dannawa, idan a shasi ne, a ganina a yi sallama kawai.

Abin da ya fi jan launi tayar da hankali shi ne baƙi. Motar da ta shekara 15 amma ƙarƙashinta baƙi wuluk yana sheƙi, har kan notuna da wayoyi da salansa an fesa, sai a tambayi dalili. Mai gyara na gaskiya yakan kankare kafin ya fesa, mai ɓoyewa a kan ɓawon yake fesawa, shi ya sa za ka ga wurin da gurzaje-gurzaje. Haka nan facin walda. Ba duka ne sharri ba, amma faci a kusa da inda sifirin ko sitiyari ya kama abin gudu ne ga motar da za ta ɗauki buhu ashirin ta bi gargada. Idan kuma waldar ta taɓa wurin da aka buga lambar shasi, ko tsatsa ta cinye lambar, to ban da matsalar ƙarfe ga ta takardu a gaban 'yan sanda da kwastan.

Kafin a fito daga ƙasan a haska siraran bututun ƙarfe da suke bin gefen shasi. Su ne suke kai man birki da fetur. Ba su da kauri, kuma na birki idan ya fashe ba ya sallama.

Jikin motar ba ya buƙatar dogon bayani. A duba ƙasan ƙofofi, da bakin inda taya take, da gefen gilashin gaba, da mazaunin batir. Fenti da ya yi ƙuraje alama ce ta tsatsa a ƙarƙashi. A naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin da shi, inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe, an cike wurin da ƙullun gyaran jiki ne.

Motar da ta sha ruwa

Wannan ba sai daga ƙetare ba. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, motoci suka kwana a cikinsa. Maiduguri kuwa hanya ɗaya ce da mu. A Amurka ma, bayan guguwa irin ta Katrina a 2005 da Harvey a 2017, an yi gwanjon motocin da ruwa ya ci da yawa. Irin wannan mota tsatsarta a inda ruwan sama ba ya kaiwa take. A ɗaga kafet a taɓa ƙasan. A duba notunan da suka riƙe kujera da ƙarfen da take gudu a kai. A jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai zanen laka. A buɗe akwatin fis, idan bakin wayoyi ya yi kore-kore, ruwa ya ziyarce shi. Turare mai yawa a cikin motar sayarwa shi ma tambaya ce.

Wajen ciniki

Duk wannan a yi shi kafin a ba da kafin-alƙalami, domin bayan an ce an sallama, dawo da mota rigima ce. Dillali zai iya cewa, "Haba Alhaji, ai wannan ƙura ce kawai, motar nan ko makon jiya daga Gaidam ta dawo." Ba a jayayya da shi, sai a ce, "To Malam, bari yaron nan ya shiga ya gani, gani ya kori ji." Wanda ya hana a ƙwanƙwasa shasin motarsa ya riga ya ba da amsa. Idan tsatsar ta sama ce, ko ta tsaya a ƙofa da bayan mota, sai a kira mai walda da mai fenti su faɗi kuɗin aiki a gaban kowa, a cire shi daga farashi. Wanda ya saya kuma, ƙarshen kowace damina ya sa a wanke masa ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a zura bakin tiyo cikin ramukan shasi har sai ruwan da yake fitowa ya daina ja.